Rantsuwar Hunydd a Kan Ƙararrawa

Surukata Hunydd 'yar Tegwared matsoraciya ce, kuma duk wanda ya ce muku ba haka ba, to bai zauna gida ɗaya da ita ba. Ni na zauna, shekara ashirin da shida. Karnuka su yi haushi a bakin rafi, sai ka ga ludayi ya suɓuce daga hannunta. Doki ya bi ta hanyar coci, sai ta bar saniya da rabin tatsa ta leƙa ta bayan shinge, ta ƙirga mahaya, ta duba kalar mayafinsu. A duk kwarinmu na Cwm Bedw ba wanda bai san halinta ba, har yara kan laɓe su yi haniniya don su ga ta zabura. Ni ma da farko dariya nake mata, Allah ya yafe mini.

Gajeriya ce mai faffaɗan tafin hannu, ba ta da yawan magana. Gidan makiyaya aka haife ta, 'ya'ya ne ba bayi ba, sai dai shanunsu ba su taɓa wuce bakwai ba. Cukunta ya yi suna har ƙetaren tudu, kuma ƙudan zuma ba sa harbinta. Wannan shi ne abu ɗaya da ban taɓa ganin tana tsoro ba: takan zura hannu cikin amya tana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar jikokinta.

Tana da shekara goma sha bakwai ayarin gidan sarauta ya sauka kwarinmu cin hunturu, kamar yadda suka saba, su zauna a wuyan mutane su cinye naman da aka adana sannan su ƙara gaba. A wancan zagayen Meurig ɗan Rhun ne ke gaba, ƙanen Sarki Ithel. An ce dogo ne mai jan gashi, da doguwar haɓa irin ta gidansu, ga yawan dariya. Aka sa Hunydd ta riƙa kai madara gidan da ya sauka. Abin da ya biyo baya ba ta taɓa ba ni labari ba, ni kuma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne, kafin a hau da shanu hafod, bukkokinmu na kan tudu, labari ya zo cewa Faransawa sun kashe Meurig a bakin iyaka, ita kuwa tana da ciki wata huɗu.

A wurinmu ɗa ɗa ne, ko an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. In uwa ta rantse a coci ta ce wane ne ubansa, dangin uban suka sumbace shi, magana ta ƙare, rabonsa na ƙasa daidai yake da na kowane ɗa. A gidan talaka wannan doka alheri ce. A gidan sarauta kuwa masifa ce, don duk namijin da ya fito daga tsatson yana iya cewa shi ma kujerar tasa ce. Kashe ɗan'uwa yana jawo gaba da tsinuwar coci, saboda haka ba su cika kisa ba. Mai naƙasa ba ya sarauta, sai su cire wa yaro ido su bar shi da ransa.

Hunydd ta ga wannan da idonta. Cikinta ya tsufa, tana tsaye a bakin rijiya, aka biyo ta kwarinmu da Cadell, ɗan wan sarki, za a kai shi gidan sufaye. Shekararsa goma sha biyar. An ɗora shi kan ƙaramin doki, fuskarsa ɗaure da ƙyalle wanda dā fari ne. Ya roƙi ruwa, ita ta ba shi, ta ce tana jin ƙarar haƙoransa a bakin ƙoƙon. Da ya sha sai ya juyo da fuska wajenta ya ce, "Baiwar Allah, rana ce ko dare?" Daga ranar nan tsoro ya shige ta bai ƙara fita ba.

Cynwrig ne ya aure ta da cikin, mutum mai shiru-shiru wanda kakan kakansa baƙo ne da jirgi ya zubar daga tsallaken teku. Da aka haifi yaron ya ɗauke shi ya raɗa masa Rhirid, ba wanda ya nemi a yi wata rantsuwa tunda a gidan miji aka haihu. Sai dai yaron ya ƙi ɓoyuwa. Gashi ya fito ja, ta riƙa aske shi ƙwal tana shafa masa ruwan ɓawon itace. Ya yi tsawo ya wuce kowa, ta riƙa cewa madara ce. Haɓa kuwa ba abin da za ta iya yi da ita. Duk lokacin da aka ce ayarin sarki na tafe, sai ta tura shi tudu neman tunkiyar da ba ta ɓata ba. Manyan kwarin duk sun sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, har Cynwrig ya rasu, har Rhirid ya kai shekara ashirin da biyu ya ce ni yake so.

A nan ne gidanmu ya shigo, kuma ba zan ɓoye laifinmu ba. Mahaifina Gronw ba shi da komai sai kakanni. Rufin ɗakinmu yana yoyo, amma yana iya jero maka ubanninsa tara ba numfashi, kuma kullum sai ya jero ko ba a tambaye shi ba. Ranar bikinmu, bayan girbi, da rana tsaka, an ci an sha giyar zuma, aka zo wurin karanto asalin ango da amarya. Baba ya miƙe ya gyara mayafi ya karanto namu har da ɗaga yatsu. Da ya gama, maimakon ya zauna, sai ya juya wajen Kawu Bledri, wan Hunydd.

"To, Bledri, namu tara ne cif. Tashi ka ba mu na angon. Ko ka gama tun ba ka fara ba?"

Wani daga dangina ya ce, "Huɗu ne ai, na biyar kifi ne!"

Wuri ya ɗauki dariya. Ni kaina na sunkuyar da kai ina dariya cikin mayafi. Kawu Bledri kuwa ya sha ya yi tatil, ga shi mutum ne da ba ya ɗaukar raini. Ya miƙe yana tangaɗi.

"Kifi? Ku ne kuke kiran ɗan 'yar'uwata kifi? Kai Gronw, kakanninka tara duk da tumaki suka kwana ɗaki ɗaya! Buɗe kunnenka ka ji asali. Rhirid ɗan Meurig, ɗan Rhun, ɗan Ithel Babba..."

Ban taɓa ganin Hunydd ta yi gudu ba sai ranar. Ta tsallake benci, ta kifar da tulu, ta damƙe bakin wanta da hannu biyu. Amma ya riga ya kai na huɗu, sauran kuwa kowane yaro a ƙasar ya haddace su. Da na ɗaga ido sai na hangi mai garayar da aka ɗauko mana, wani baƙo mai yawo gida-gida, yana kallon fuskar mijina a hankali, daga goshi har haɓa. Washegari ya kama hanyar fadar sarki.

Rhirid ya tare uwarsa a ɗakin cuku, ina tsaye a bakin ƙofa.

"Inna, gaskiya ne?"

"Kawunka ya bugu."

"Na san ya bugu. Gaskiya ne?"

"Ubanka Cynwrig ne. Shi ya goya ka da ka yi ƙyanda, shi ya koya maka riƙon garma. Matsa mini, cuku zai lalace."

Ta juya ta ci gaba da matse cuku. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta, fuskarsa na wani irin haske da ban so ba.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Llywarch wakilin sarki ya iso da mahaya huɗu. Da faɗa ya zo da shi da ya fi mana sauƙi, amma da murmushi ya zo. Ya sauka ya gaishe da Hunydd kamar wata babbar mace, ya ciro mayafi mai jan baki da maɗaurin azurfa ya yafa wa Rhirid da hannunsa.

"Sarki ya yi hawaye da ya ji," in ji shi. "Ya ce ashe ɗan'uwansa ya bar baya, aka ɓoye masa shekara da shekaru? Haba, Inna, ai ba a yi wa jini haka. Ranar Lahadi za ki rantse a kan ƙararrawar waliyyi gaban jama'a, mu kuma mu tafi da shi, sarki da dattawan gida su sumbace shi, a ba shi rabon ubansa."

Hunydd ta ce, "Allah ya saka wa sarki." Muryarta ko fita ba ta yi sosai ba.

Kwanakin nan huɗu kafin Lahadi kwarinmu ya haukace. Mahaifina, wanda ya fara yi masa ba'a, ya fara kiran Rhirid "ɗana". Kawu Bledri yana bi gida-gida yana cewa shi ya ƙwato wa yaro haƙƙinsa da bakinsa. Rhirid ko gona ya je da mayafin yake zuwa. Ni ma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, na fara hango kaina a babban zaure ana zuba mini ruwa a hannu. Da uwarsa ta ba shi labarin Cadell sai ya ce, "Inna, wannan tsohon zance ne. Sarki ya tsufa, zumunci yake nema." Gudu kuwa ba a ma yi maganarsa ba. Mahayan nan huɗu sun yi masauki a bakin mashigin kwarin, wai suna hutar da dawakai.

Ranar Asabar muna wanki a rafi ni da ita, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Mabli, kin taɓa jan makaho?"

"A'a, Inna."

"Nauyi gare su. Yakan riƙe kafaɗarki kamar zai karya. In aka dawo miki da shi a kan doki, ke za ki ja shi, ni na tsufa."

"Haba Inna, ki daina irin wannan fata mana. Sarki baffansa ne fa."

"Cadell ma sarki baffansa ne."

Sai a lokacin na saki wankin da ke hannuna. Na ce, "To me za ki yi? Ƙararrawa ce fa."

Ta ci gaba da bugun rigar da ta riga ta fita tun ɗazu.

Ƙararrawar waliyyinmu ƙarama ce, ta baƙin ƙarfe, mai kusurwa huɗu, gefe ɗaya a lanƙwashe. Shi waliyyin ya riƙa yawo da ita a hannu tun kafin a gina cocin. Kada fada, limamin cocinmu, ya ji, amma mun fi tsoronta a kan littafi mai tsarki. Mutum zai iya dafa littafi ya shara ƙarya ya tafi gida ya ci abinci, ƙararrawa kuwa a'a. Kowa ya san wanda ya rantse da ita a kan ƙarya ba ya ganin zagayowar shekara. Muna yara an nuna mana kangon wani da ya rantse a kan iyakar gona, bakinsa ya karkace kafin Kirsimeti, aka binne shi kafin shuka. Kuma uwa sau ɗaya take rantsuwar ɗa. Wanda ta ambata shi ne uban har abada, ba a sakewa.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. Fada Iago ya ɗora ƙararrawar a kan bagade. Rhirid ya durƙusa da mayafinsa mai jan baki, Llywarch yana tsaye gefe ya harɗe hannu. Hunydd ta taho daga baya tana jan ƙafa, fuskarta ta yi fari fat kamar cukunta. Ta ɗora hannun hagu a kan ɗanta. Hannun dama kuwa sau uku tana miƙa shi tana janyewa, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta, kafin ta dafa ƙarfen.

Fada ya ce, "Faɗi, 'yata. Allah na ji, waliyyi na ji."

Ta runtse ido.

"Na rantse da Allah da wannan ƙararrawa," ta ce, "ba wani namiji da ya haifi wannan ɗa a cikina sai Cynwrig ɗan Madyn, mijina."

Wata mata ta ƙwalla ƙara. Waɗanda ke kusa da bagade suka ja da baya, don sun zaci rufin zai rufto. Kawu Bledri ya ce, "Hunydd! Kin kashe kanki!" sai wani ya toshe masa baki, abin da ya kamata a yi tun ranar biki. Rhirid ya ɗago kai daga ƙarƙashin hannunta ya dube ta, irin kallon da ba na fatan ɗana ya taɓa yi mini.

Llywarch bai ɗaga murya ba. Ya tako a hankali ya kwance maɗaurin azurfar, ya zare mayafin daga kafaɗar mijina gaban kowa, ya ninke shi. Sannan ya sunkuya wajen kunnen Hunydd, ina kusa na ji.

"An ji, Inna. Ba mai yi wa ƙararrawa ƙarya. In kin ga baɗi war haka, to ɗan Cynwrig ne, sarki ba shi da magana da shi. In kuwa ba ki gani ba, waliyyi ya ba mu amsa ke nan, sai mu dawo mu ɗauki ɗanmu."

A nan ne na gane irin ramin da ta faɗa. Ta yi imani har cikin ranta cewa mutuwa na tafe a shekarar nan, ga shi kuma ba ta da damar mutuwa. In ta mutu, ko santsi ne ya kwashe ta a bakin rafi, idon ɗanta ya tafi.

Ban taɓa ganin shekara mai tsawo irin wannan ba. Ta daina ƙetare rafi. Ta daina hawa tsani. Nama sai ta tauna shi ya zama ruwa kafin ta haɗiye, don tsoron shaƙewa. Kullum da safe abu na farko da take yi shi ne ta shafa bakinta ta ce, "Mabli, dube ni, ya karkace?" Ni kuma in ce, "Yana nan daidai, Inna." Maƙwabta suka ɗauke ƙafa, ba mai son tsayawa kusa da ita in abin ya sauko. Rhirid kuwa ya daina yi mata magana. Samari suna kiran sa Sarkin Mako Guda, in ya wuce su cire hula su rusuna, shi kuma ya dawo gida ya zauna ya juya mata baya. Abinci in ita ta dafa ba ya ci. Na yi faɗa da shi har na gaji. Cewa yake, "Ta mai da ni ba kowa ba da bakinta, gaban duniya."

Da dusar ƙanƙara ta sauka sai tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ya zo." Na ce ƙarya ne, sanyi ne kawai, alhali ni ma tsoron nake ji. Na kwantar da ita can ƙuryar ɗaki kusa da shanu don ɗumi, kuma don kukansu ya rufe tarin. Na dafa mata zuma da ganye, na shafa mata man shanu a ƙirji. Kullum da hantsi sai in yafa mayafinta mai ruwan toka, in duƙa kamar yadda take tafiya, in je in zagaya amyoyi in dawo, don masu leƙe daga tsallaken kwari su ce sun ga Hunydd a tsaye.

Ana cikin haka wani daga mahayan Llywarch ya iso, wai hanya ce ta biyo da shi, a cikin ƙanƙarar da ko kare ba ya fita. Ina jin takun dokinsa na ruga na ɗaga ta. Ta mintsini kumatunta don su yi ja, ta dafa bango ta fito bakin ƙofa.

"Tsohuwa, ana lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ɗana. Shigo ka sha madara."

"An ce mana ba kya jin daɗi."

"Wa ya ce? Masu jiran gadon amyoyina ne. Ka gaya musu su ƙara haƙuri."

Ya zauna ya sha madarar nan a hankali kamar ba zai gama ba, yana kallonta ta saman ƙoƙon. Ina ganin tarin yana taso mata, wuyanta yana kumbura, idonta yana kawo ruwa, tana danne shi tana murmushi. Da na ga za ta kasa sai na saki tukunya ta fashe a ƙasa, na hau zagin kaina da ƙarfi, ita kuma ta shige ciki wai za ta ɗauko tsintsiya. Bayan ya tafi na same ta a kife cikin ciyawar shanu, ta cusa mayafi a baki, da jini a jikinsa.

Ba ta mutu ba. Ta ga shuka, ta ga an hau hafod, ta ga girbi. Ranar da shekara ta cika Fada Iago ya faɗa a coci cewa waliyyi ya gaskata ta, mutane suka dawo suna sayen cuku kamar ba su taɓa gudunta ba. Na ce, "Inna, kin gani? An wuce." Ta girgiza kai ta ce, "Ba yafewa ya yi ba, Mabli. Jira yake."

Rhirid sai a shekara ta uku ya sauko. Ya kai kakin zuma gidan sufaye, wani sufi makaho da ke zaune a bakin ƙofa yana saƙar kwando ya ji muryarsa ya ce ya matso. Ya shafa fuskarsa da yatsu, ya tsaya a haɓa, ya daɗe. Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai ne na Cwm Bedw. Ni ma an yafa mini mayafi, an sumbace ni, mutum bakwai. Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗan sarki. Tafi, kada ka ƙara zuwa nan, kuma kada ka ƙara dariya a gaban wanda ya san gidanmu." Da ya dawo ko kaya bai sauke ba, ya je ya durƙusa ya kifa kai a cinyarta yana kuka kamar yaro. Ita kuwa sai waige-waige take tana cewa, "Tashi, tashi mana, mutane za su gani su yi tambaya."

Daga nan ta yi shekara ashirin da uku. Ta ga jikokinta maza uku, ta aske na tsakiyan ƙwal da hannunta tun yana jariri. Ba ta ƙara matsawa kusa da bagade ba, kullum a bakin ƙofa take tsayawa. Duk tsawa tata ce, duk zazzaɓi nata ne. Takan je furta zunubi kamar kowa, ta faɗi ƙanana ta bar babban, don ta san ƙa'ida: ba a yafe rantsuwar ƙarya sai an warware ta a inda aka yi ta, gaban jama'a. Sarki Ithel ya mutu, ɗansa ya hau, shi ma a shekararsa ta farko ya aika ƙannensa biyu gidan sufaye a kan doki. Yau da nake ba ku labarin nan gidan Rhun ya ƙare, Faransawa sun gina hasumiya a inda zaurensu yake, shi ya sa bakina ya buɗe.

Ciwon ajalinta da bazara ya zo. Da safe muka aika a kira sabon fada. Kafin ya iso Rhirid, wanda furfura ta riga ta cinye jan gashinsa, ya durƙusa gaban gadonta.

"Inna, don Allah ki faɗa masa. Ki warware. Na tsufa, wa zai kula da ni yanzu? Kada ki tafi da abin nan a wuyanki."

"'Ya'yanka nawa?"

"Uku."

"In kai ɗan Meurig ne, su jikokin wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"To tashi ka ba fada wuri."

Ta hana ni fita, ta ce in riƙe ta, fada ya ƙyale don ba ta iya zama da kanta. Ta ce ta yi gulma, ta taɓa ƙara wa madara ruwa a shekarar yunwa, ta zagi wanta Bledri har bayan ransa. Fada ya jira. Yaro ne, amma a ƙasar nan ya tashi, ya ji abin da kowa ya ji.

"Ba saura, Inna? Ki tuna da kyau. Daga nan sai gaban Allah."

Ta dubi ƙofa, inda jikokinta suke tsaye a waje cikin rana.

"Babu," ta ce.

Ya shafa mata mai ya yi addu'a ya tafi. Da ɗakin ya rage daga ni sai ita, ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Mabli, tsoro nake ji."

"Ina nan, Inna."

"Wutar nan, kina ganin mutum yana sabawa da ita?"

Na so in ce Allah ya ga dalilinta, amma ni ba fada ba ce, kuma ta san ban sani ba. Na rungume ta kawai. Ta cika kafin a dawo da shanu, idonta a buɗe, ba ta saki hannuna ba sai da numfashin ya tsaya.

Mijina ya mutu idanunsa duka biyu lafiya, 'ya'yana uku ma da nasu suka manyanta. Kullum ina yi mata addu'a safe da yamma, shekara goma sha tara ke nan, ban san ko tana isa inda take ba.